Yadda ake ƙyanƙyasar tarwada a gida, daga zaɓen uwa har zuwa lissafin riba

Kullum tambayar da ake min ita ce wai nawa ake samu a ƙyanƙyasa ɗaya, saboda mutum ya ji an ce uwa ɗaya tana zuba ƙwai wajen dubu ɗari, sai ya ɗauko waya ya buga dubu ɗari sau farashin fingalin, wato ɗan kifin da ya kai sati huɗu zuwa shida, ya ga miliyoyi, shikenan barci ya ƙaurace masa. Toh ɗan'uwa ba haka lissafin yake ba. Ita ƙyanƙyasar ba ta da wuya, wanda ya tsaya ya gani sau biyu zai iya, kuɗin yana wajen guda nawa ne suka kai sati shida da rai, kuma waye ka tanada da zai saya ranar da suka kai. Na yi wannan aikin ban san adadi ba, na sha kwana a gaban tanki, na kuma taɓa wayar gari na tarar da ƙasan tanki fari fat da gawa, dan haka abin da zan rubuta yadda nake yi ne da hannuna. Kuma maganata a kan tarwada ce zalla, wadda 'yan boko ke kira Clarias, ita ce aka fi kiwo a Najeriya kuma ita ce mai sauƙin koyo. Haɗin tarwada da ramboshi da ake kira haibirid ka bari sai hannunka ya faɗa.

Kayan da zaka tanada

Ruwa ne farko, kuma ruwan bohol ko rijiya mai kyau wanda ba ya ƙafewa a watan Afrilu. Sai tankin sama na tara ruwa, da tankunan ƙyanƙyasa aƙalla uku, na roba ko na tamfol ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, zurfin ba sai ya wuce gwiwa ba, faɗi ake so. Kowanne ya zama yana da bakin shigar ruwa da bakin fita wanda aka ɗaure da raga mai ƙananan ido.

Sai iyayen kifi, mace biyu namiji biyu ga mai farawa. Allurar Ovaprim ko Ovulin, wato maganin da ke sa mace ta saki ƙwai, sirinji na mil 2 ko mil 5 sabo, ruwan salain na kemis wanda ake ƙarin ruwa da shi a asibiti amma mara sukari, sikeli babba na kilo da ƙarami na giram, tamomita ta auna zafin ruwa, reza sabuwa da almakashi, tawul biyu, tishu, robobi masu santsi busassu, cokalin roba ko gashin kaza mai tsabta, ragar gidan sauro da aka ɗaure a firam na faif wadda ake kira kakaban, siririn tiyo irin na ƙarin ruwa dan zuƙe datti, gishiri, tocila, da abincin farko wato atemiya, wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ba jariran kifi, da garin abinci mai lamba 0.2, 0.3 da 0.5, lambar girman ƙwayar ce a milimita. In kana da hali ka ƙara da na'urar hura iska a ruwa da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Sai littafi da biro, kar ka raina wannan, zan dawo kansa.

In babu salain ka haɗa naka: gishiri giram 9 a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Ka auna da sikeli, kar ka ce ai cokali ɗaya ne.

Mataki na 1: Ka gwada ruwanka tun kafin ka sayi ko kifi ɗaya

Mafi yawan asarar da na gani a wannan sana'ar daga ruwa take, amma mai ita sai ya ɗora wa mai sayar da iyaye ko ya ce baki ne. Ruwan bohol in ya fito daga ƙasa ba shi da isasshen oksijin, wani kuma yana da ƙarfe a ciki. Ka ɗebo shi a farin bokiti ka bari ya kwana, in da safe ka ga ya yi ja-ja kamar tsatsa ko ya kwantar da wani abu ruwan ƙasa a gindin bokitin toh akwai ƙarfe, kuma wannan yana shaƙe 'yan kifi. Maganinsa ka tara ruwan a buɗaɗɗen tanki ya kwana ɗaya ko biyu, iska ta buge shi, dattin ya kwanta, ka ja na sama, in da hali ka bi da shi ta durom mai yashi da gawayi da tsakuwa. Ruwan famfo na gwamnati kuma akwai kulorin, shi ma sai ya kwana biyu a buɗe.

pH ɗin ya kasance tsakanin 6.5 zuwa 8. In ya yi ƙasa sosai, wato ruwan ya yi tsami, ana zuba ɓawon kawa irin wanda masu kaji ke sa wa a abinci, a cikin buhu a tankin sama, yana gyara shi a hankali. In ba ka da kayan gwaji akwai gwajin talaka: ka sayo fingalin ɗari ka riƙe su sati biyu a ruwan, ko ka roƙi mai ƙyanƙyasa ya ba ka 'yan kwana huɗu cikin cokali ka ga ko za su yi sati. Gara ka yi asarar wannan da ka yi ta duka.

Tankin siminti sabo guba ne, simintin yana ɗaga pH sama sosai. Ka cika shi da ruwa ka jefa buhun kashin kaji ko kututturen ayaba, ya yi sati biyu, ka zubar, ka wanke da gishiri, ka sake cikawa. Kuma kar sabulu ko omo ya taɓa kayan ƙyanƙyasa, gishiri da ruwa sun isa.

Mataki na 2: Zafin ruwa da lokacin yi

Tarwada tana son ruwa digiri 27 zuwa 30. A nan Arewa matsalarmu biyu ce, hunturu daga Disamba zuwa Janairu inda ruwa ke yin sanyi ƙarara da asuba, ƙwai ya ƙi fashewa da wuri har fumfuna ta ci shi, sai kuma bazara inda baƙin tanki a rana yake mayar da ruwa kamar na shayi. Mai koyo ya fara da damina, lokacin ne ma kifin yake haihuwa a daji, ƙwan iyaye ya fi cika kuma yanayi ba ya tsalle. In dole sai ka yi da hunturu ka rufe ɗakin ruf da leda, ka dumama ruwan tankin da ke ciyar da su, wasu suna sa murhun gawayi a ƙarƙashin durom na ƙarfe da ruwan ke bi, amma kar ka kwana cikin rufaffen ɗaki da gawayi a kunne, wannan kisa yake yi. Abin da ya fi sanyin illa shi ne canji kwatsam, a ce tanki yana 26 ka antayo masa ruwa mai 31.

Amfanin wahalar hunturu ɗaya ne, mutane kaɗan ne ke yi, dan haka wanda ya fitar da fingalin a Fabrairu da Maris ba ya neman mai saye.

Mataki na 3: Zaɓen iyaye

Mace ta haura shekara ɗaya, nauyi kilo 1 zuwa 2 da rabi, cikinta ya cika ya yi laushi, mafitar ƙwan a zagaye ta ɗan yi ja. In ka danna cikin a hankali zuwa wajen wutsiya ƙwai kaɗan zai fito, ka duba shi a tafin hannu, mai kyau girmansa ɗaya ne, kalarsa kore-kore zuwa ruwan zuma, kuma a warwatse yake. In fari ne ko ya fito da ruwa-ruwa a cakuɗe ka ajiye ta. Namiji zaka gane shi da ɗan tsiro mai tsini a ƙasan ciki kusa da dubura, wanda ya balaga bakin tsiron yana yin ja. Shi na fi so ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, saboda namiji ƙarami sai ka yanka ka tarar ba komai, shi ya sa na ce ka tanadi biyu.

Kar ka haɗa 'yan uwa ɗaya, wa da ƙanwa daga ƙyanƙyasa ɗaya, 'ya'yan suna fitowa da karkataccen baya kuma ba sa girma. Ka sayi mace a gona ɗaya namiji a wata. Kuma kar ka je kasuwar kifi ka zaɓi ƙatuwa daga cikin na ci ka ce ka sami uwa, girma ba shi ne shekaru ba, kifin wata bakwai da aka ɗura wa abinci zai iya yin kilo biyu amma ƙwansa bai nuna ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya da ke New Bussa a jihar Neja, kusa da madatsar Kainji, da sassan koyar da kiwon kifi na jami'o'i, wurare ne da mutum zai iya neman shawara a kan iri, in ba haka ba ka nemi tsohon mai ƙyanƙyasa da mutane suka shaida kifinsa.

In ka kawo su daga nesa ka bar su su huta sati ɗaya ko biyu a ruwanka suna cin abinci mai kyau. Ranar da za a yi allura kuma kar su ci komai tun jiya, in ba haka ba kashi zai biyo ƙwai lokacin matsa.

Mataki na 4: Allura

Ka auna macen. Ovaprim rabin mil ne a kowane kilo, wato mace mai kilo 1.5 za ta sha mil 0.75, mai kilo 2 mil ɗaya. Kar ka ƙara dan wai ƙwai ya fi yawa, ba ya ƙaruwa, sai dai ka wahalar da ita. Ka rufe mata kai da jiƙaƙƙen tawul za ta natsu, ka soka allurar a tsokar baya gefen ƙayar saman nan, a karkace ba a tsaye ba, ka tura a hankali, ka zare ka murza wajen da yatsa dan maganin kar ya dawo. Ka rubuta lokacin a littafi nan take. Kowace mace a mazubinta daban da ruwa kaɗan wanda ya rufe ta, a rufe da abu mai nauyi, domin bayan allura suna haukacewa, su yi tsalle waje ko su yi wa juna rauni. Namiji ba dole sai an masa ba.

Ni da dare nake yi, wajen ƙarfe tara ko goma, dan matsa ta faɗo da safe bayan asuba ido na gani. Tsawon jiran ya danganta da zafin ruwa, a digiri 25 wajen awa 11 zuwa 12, a 28 wajen awa 8 zuwa 10, in ya kai 30 zai iya saukowa 7 ko 8. Amma kar ka bi agogo kaɗai, tun saura awa ɗaya ka fara dubawa, in ka taɓa cikin kaɗan ƙwai ya zubo da kansa, ko ka ga ƙwai a ƙasan robar, lokaci ya yi. In ka yi gaggawa ƙwan ba zai fito ba sai da ƙarfi da jini, in ka makara ta zubar da rabi a ruwa sauran kuma ya wuce nuna. Wannan tazarar ba ta da faɗi, shi ya sa daren allura ba daren barci mai nauyi ba ne.

In babu Ovaprim ana amfani da wani ɗan ƙullutu fari kamar ƙwayar gero da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar tarwada, a ciro daga kifi mai nauyi daidai da na macen, a niƙe a salain mil ɗaya ko biyu a yi allurar da shi. Yana aiki sosai, haka ake yi kafin maganin kwalba ya yaɗu, sai dai ciro shi sai an nuna maka da hannu.

Mataki na 5: Cire maniyyi da matsar ƙwai

Tun kafin nan tankunanka su kasance a shirye, ruwa kamar tsawon tafin hannu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kakaban a shimfiɗe a ɗan ƙasa da saman ruwan, ruwa yana shiga a hankali yana fita.

Namijin tarwada ba a matse shi, dole sai an yanka. Ka fara da shi kafin ka taɓa macen, dan in ka tarar ba shi da kyau ka yanka na biyu ƙwai bai fito yana jira ba. Ka tsaga cikin da almakashi daga dubura zuwa sama, ka ture hanji gefe, zaka ga jakar maniyyi guda biyu a manne da baya masu baki kamar zarto. Mai kyau fara ce kamar madara kuma a cike, wadda ta yi ja ko ta zama siririya kamar ruwa ba ta da amfani. Ka ciro a hankali kar ta fashe, ka goge jinin da tishu, ka ajiye a busasshiyar roba a rufe. Shi kuma gangar jikin a miƙa cikin gida, farfesun ranar ya samu.

Yanzu dokar da ta fi kowacce: ruwa kar ya taɓa ƙwai ko maniyyi kafin ka haɗa su. Ɗigon ruwa yana rufe ƙofar ƙwan, shi kuma maniyyi da ya ji ruwa zai tashi ya yi motsinsa ya mutu cikin kamar minti ɗaya. Dan haka hannu a bushe, roba a bushe, macen a goge ta tas da tawul. Mutum biyu ne aikin, ɗaya ya riƙe kai da tawul, kai ka riƙe wutsiya kana shafa cikin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ƙwan zai zubo kamar kunu. Da ka ga jini ka tsaya, abin da ya rage ba rabonka ba ne. Ka mayar da ita ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, bayan wata uku da abinci mai kyau za ta sake yi maka.

Ka ɗora robar a ƙaramin sikeli ka rubuta nauyin ƙwan. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwai wajen 600, kuma mace mai kyau tana ba da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta.

Sai ka tsattsaga jakar maniyyin da reza a kan ƙwan, ka matse, ka ɗauraye ragowar da ɗan salain ya zuba ciki, salain ba ya tayar da shi, yana taimaka masa ne ya ratsa ko'ina. Ka juya a hankali da cokalin roba ko gashin kaza minti ɗaya, sannan ka zuba ruwa mai tsabta daga tankin kamar yawan ƙwan, ka ci gaba da juyawa wani minti ɗaya, a nan ne haɗuwar take faruwa. Daga nan kar ka tsaya amsa waya, ƙwan zai fara danƙo ya dunƙule.

Mataki na 6: Baza ƙwai da jiran fashewa

Ka baza a kan kakaban shimfiɗa ɗaya, ƙwai kar ya hau kan ƙwai, duk inda ya taru na ƙasa zai shaƙe ya ruɓe ya kashe na kusa da shi. Kuskuren masu farawa kenan, a zuba ƙwan uwa guda a tanki ɗaya saboda shi kaɗai ake da shi. Ni ƙwan mace mai kilo ɗaya da rabi ina raba shi tanki uku, in tankinka ɗaya ne gara ka zubar da rabin ƙwan da ka cusa duka, na san da ciwo amma haka ne.

Ka rufe tankin ya yi duhu, ruwa na tafiya siriri ba mai kaɗa ƙwan ba. A digiri 28 zuwa 30 za su fara fashewa daga awa 20 zuwa 24, in da sanyi ya kai awa 30 ko fiye. Masu rai za su bi ta idon raga su faɗa ƙasa suna kaɗa wutsiya, matattun ƙwai su yi fari su tsaya a sama. Da ka ga yawanci sun sauka, ka ɗaga kakaban a hankali ka fitar da shi waje, kar ka ce bari ka jira ragowar, farin ƙwan nan in ya fashe a ruwa shi ne amoniya, gubar da ruɓa ke haifarwa a ruwa, shi ne wari, shi ne mutuwa. In ka shiga ɗakin ka ji ƙarni ko ka ga kumfa a saman ruwa, ka ƙara gudun ruwa nan take.

Wata dabara: ka rufe rabin tankin ka bar rabi a haske. Lafiyayyu za su gudu su taru a duhu, ɓawon ƙwai da nakasassu su rage a haske, sai ka bi da siririn tiyo ka zuƙe. Ka riƙa zuƙewa cikin farar roba dan ka mayar da masu rai da suka biyo.

Mataki na 7: Ciyarwa, inda ake cin riba ko a faɗi

Kwana uku na farko ba a ba su komai, suna ɗauke da gwaiduwarsu a ciki. Ranar ta uku da yamma ko ta huɗu da safe zaka ga sun yi baƙi sun fara yawo a gefen tanki suna nema, toh sai a fara atemiya. Kaɗan-kaɗan, abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, duk bayan awa uku ko huɗu har da dare, dan tarwada da dare ta fi ci. Ka ɗebo 'yan kaɗan a gilashi ka haska, in cikinsu ya yi ruwan lemo sun ƙoshi. Abincin da ya kwanta a ƙasa ba a ci ba ya fi yunwa kisa, dan haka kullum safe da yamma sai an zuƙe ƙasan tanki kafin a ba da sabo.

Bayan kamar sati ɗaya a kan atemiya ka fara haɗawa da 0.2, kwana biyu ko uku ana cakuɗawa kafin ka yaye su, daga nan 0.3, sai 0.5, sai 0.8 gwargwadon bakinsu. Na waje irin su Coppens, Skretting da Aller Aqua su aka fi samu a waɗannan ƙananan lambobin, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 kuɗinsu da na atemiya da na man janareta duk suka tashi, amma ba a nan ake tsumulmula ba, abincin da suke ci a wannan matakin ba shi da yawa. Ka duba ranar lalacewa, kuma atemiyar da ake ƙullawa a leda ana sayarwa awo-awo ka yi hattara, na taɓa sayen wadda aka cakuɗa da wani gari, kwana biyu ina zuba wa kifi abin da ba sa ci.

In atemiya ta gagara, ana tara ƙananan ƙwarin ruwa a wani tanki daban da aka sa wa kashin kaji ya yi kore, a tace da ƙyalle mai laushi a ɗauraye a ba su, sai dai ka fara haɗa wannan sati biyu kafin allura. Dafaffiyar gwaiduwar ƙwai da wasu ke cewa, tana ɓata ruwa cikin awa kaɗan, ni ba na ba mai koyo shawararta.

Mataki na 8: Tace shuta

Daga sati na biyu zuwa na uku zaka ga wasu sun fi sauran girma nesa ba kusa ba, su ake kira shuta, kuma ba abincinka ne ya gina su ba, 'yan uwansu suke haɗiya. Tanki zai yi ta raguwa ba ka ga gawa ko ɗaya ba. Duk sati ka tace, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe, da sassafe kafin a ba da abinci, da raga mai laushi ko robar da aka huda daidai girman da kake so. Kana tacewa kana rage cunkoso, dan tankin da ya ɗauke su suna kwana biyar ba zai ɗauke su suna sati huɗu ba.

Mataki na 9: In zaka raine su a kududdufin ƙasa

Wasu suna kwashe su bayan sati ɗaya ko biyu su kai ramin ƙasa, a can suna girma da sauri saboda abincin da ruwan ke haifarwa, kuɗin abinci da na fetur ya ragu. Amma ba kowace ƙasa ce ke riƙe ruwa ba, kar ka haƙa sai ka gwada. Ka haƙa rami zuwa ƙugu, ka ɗebo ƙasar gindin ka jiƙa ka dunƙula, ka jefa sama ka cafe, in ta tsaya a dunƙule akwai yumɓu, in ta watse yashi ne. Sannan ka cika ramin da ruwa da safe, da yamma ka sake cikawa ka rufe da ganye, in washegari yawancin ruwan na nan ƙasar ta yi. Laka ta fadama ita ce daidai, jigawa kuwa sai dai ka shimfiɗa leda. Ka tambayi tsofaffin wajen iya inda ambaliya take kaiwa a watan Agusta, kuma ka duba kar ruwan gonar da ake fesa wa maganin ciyawa ko na ƙwari ya gangaro ciki.

Ka busar da ramin, ka barbaɗa laim, wato farar ƙasa, kilo 10 zuwa 15 a fili mai mita 10 sau 10, ka sa kashin kaji a buhu, ka kewaye da kwanon rufi ko raga mai ƙananan ido har ƙasa saboda kwaɗi da guza, sama kuma raga saboda tsuntsaye. Ruwan ka zuba shi saura kwana uku ko huɗu ka saki kifin, in ya daɗe 'ya'yan kwaɗi da ƙwarin ruwa masu cin kifi za su riga ka shiga.

Mataki na 10: Sayarwa da lissafi

Sati huɗu zuwa shida sun zama fingalin, kamar tsawon santimita 3 zuwa 5, sati takwas zuwa sama jubenail, wanda ya fi tsada kuma manoma sun fi so dan ba ya mutuwa da yawa. Masu saye ka nemo su tun kafin allura, ka karɓi ɗan kafin alƙalami in zai yiwu, saboda fingalin ba shinkafa ba ce da zaka ajiye a sito, duk kwanan da ya ƙara a hannunka yana ci, yana cin ɗan'uwansa, yana neman sabon tanki. Ranar ɗauka kar su ci abinci tun jiya, a ɗauka da sassafe ko bayan la'asar a jarka mai lita 25 ko 50 da aka yanke samanta, ruwa rabi. Wajen ƙirga ka ƙirga cikin ƙaramin mataci sau uku ka ɗauki matsakaici, sannan ka riƙa aunawa da shi, kuma ka sa gyara, mai saye yana lura.

Ga yadda nake lissafi, alƙaluman kuɗin misali ne kawai, kai ka sa na kasuwarku. Mace mai kilo 1.5 ta ba ka giram 150, wato ƙwai 90,000. A ce kashi 70 sun fashe, 63,000 kenan. A ce duk abin da ka kashe, iyaye da allura da atemiya da abinci da fetur da ladan yaron da ke taya ka da ɗan kason kuɗin tankuna da famfo da suke tsufa, ya kama naira 300,000, kuma ana sayen fingalin naira 40. In kashi 30 suka kai sati shida kana da 18,900, kowanne ya tsaya maka wajen naira 16, cinikinka 756,000. In kashi 10 ne suka kai, 6,300 kenan, cinikinka 252,000, ka faɗi da 48,000 bayan ka yi sati shida ba barci. Yawan ƙwai iri ɗaya ne, kashe kuɗi ma kusan ɗaya. Ka raba abin da ka kashe da farashin guda, a misalin nan 7,500, wannan ne adadin da sai ka wuce shi kafin ka ce ka ci ko sisi.

A nan littafin nan yake aiki. Kowane zagaye ka rubuta nauyin uwa da inda ka saye ta, lokacin allura, zafin ruwa safe da dare, giram ɗin ƙwai, ranar da mutuwa ta fara in ta fara, abin da ka canza kafin ranar, litar fetur, da adadin da ka sayar a ƙarshe. Zagaye na farko ka yi da mace ɗaya tak ko da ka sayi biyu, ta biyun ka bar ta sai bayan sati uku, lokacin ka ga inda ruwanka da hannunka suke da matsala kuma tankin farko ya kusa samun wuri.